Jinin Dapaong

Ni mahauci ne a Sokodé, jinin da na zubar a duniya zai iya ɗaukar kwalekwale. Amma ranar da likita ta soka mini allura don ɗibar nawa, sai da aka yi mini fifita.

Ciwon 'yarmu ne ya kai mu asibiti. Tun tana rarrafe gaɓoɓinta ke kumbura, ta yini tana kuka. Inna, mahaifiyata, ta yanke hukunci cewa mugun jini ne matata ta kwaso daga gidansu a Dapaong. Duk wata sai ta kira wanzami ya kafa wa yarinyar ƙaho, wai a zuƙe jinin uwar a bar namu. Matata ta daina cin abinci tare da mu.

Likitar, mai binciken sikila ce, ta nuna mini jinin 'yata a madubin ƙara girma. Ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Ta ce ciwon ba ya kama yaro sai ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka, kuma ƙahon ƙara wa 'yata ƙarancin jini yake yi.

Da muka koma gida na ce, "Inna, rabin ciwon na Dapaong ne, rabin namu."

"Namu na wa?"

"Ko naki, ko na marigayi Baba."

 Da wanzami ya zo, Inna ta sallame shi daga zaure, ta ɗauki tuwo da kanta zuwa ɗakin matata. Yarinyar na ciki tana kuka.