Wanda Ya Tsinki Tumatir a Italiya

A kasuwar Sabon Gari, layin 'yan tumatir, wani mutum yana tsugune gaban kwandon wata dattijuwa. Ana zafin bazara, shi kuwa yana cikin rigar sanyin Turawa, ya ja zif har wuya. Ba ya ko duban kwandon. Hannuwansa ke aiki, mai kyau dama, ruɓaɓɓe hagu. Kafin ta sallami wata mata, ya ware wa dattijuwar rabin kwando.

"Ɗana, ina ka koyi wannan?"

"Italiya, Mama. Shekara shida a gona."

"Me ya dawo da kai?"

"Takardu. Lokacin tsinka ba mai tambayarka su. Sai an kwashe gona 'yan sanda ke tuna akwai doka."

Da alama rigar nan kaɗai ta biyo shi jirgi, shi ya sa ba ya cire ta.

Ya miƙe da ƙyar, dafe da ƙugu, ya ɗauki tumatirin gwangwani a teburin gefe, ya karanta bayansa, ya ga an rubuta Italiya, ya jinjina kai.

"Kin ga wannan, Mama? Gonarmu ɗaya. Shi ba wanda ya tambaye shi biza."