Ɓarawon Tire a Gidan Hure

Ranar kasuwar Tsanyawa na tsinci labarin a cikin mota. Wata mai daddawa ce ke faɗa wa ta kusa da ita, wai Hure matar Muntaka ta buɗe makarantar koyon sata a tsakar gidanta, kuma ɗalibinta na farko ko haƙori bai gama fitarwa ba. Kafin mu kai mararraba, yaron har ya sace tunkiya.

Na yi gyaran murya na ce su ji tsoron Allah. Hure 'yar kawuna ce, taubashiyata, in da tana da aibu ni zan fara kai shi kasuwa. Babu tunkiya a maganar. Tuwo ne kawai.

Hure tun tana yarinya uwar doka ce, ko 'yar tsana ta yi da kara sai ta sa ta wanke hannu. Yanzu sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma cin abinci a gidanta ya fi zaman kotu ƙa'ida. Tabarma ɗaya, tire ɗaya a gindin darbejiya. Babbar 'yarta Sakinatu ke riƙe tire kada ya juya. Yahya mai bi mata ba shi da izinin kai hannu gaban kowa. Nama sai a ƙarshe ake rabawa, suɗi kuwa na ƙaramarsu Tahira ne.

Sai Allah ya kawo auta Hashimu, ya kifar da gwamnati. Da ya wuce wata shida aka fara ba shi kunu, ya datse baki kamar an sa kwaɗo. Muntaka ya sayo masa ɗan kwano mai hoton agwagwa da cokalin roba, ya yi wurgi da su, kaji suka yi ta ƙiba. A wurin awo malamar asibiti ta ce nauyinsa ya tsaya cak, nono kaɗai ba zai ƙara riƙe shi ba. Na je gidan na tarar da Hure ta yi tagumi gefen kaskon suya. Na ja ta da wasa, ba ta rama ba. Nan na san abin ya kai, domin Hure ko a zazzaɓi ba ta barin maganata ta faɗi ƙasa.

Wata rana tana matsar mai, ta ajiye Hashimu a bakin tabarma. Ya ja ciki ya nufi tiren yara. Tahira ta ƙwalla ƙara ta kare gabanta da hannu biyu, shi kuwa ya damƙi tuwo ya cusa a baki. Sakinatu don tausayi ta gutsuro loma ta ce masa ungo, ya kau da kai. Tahira ta sake karewa, ya sake damƙa. Hure na tsaye da muciya a hannu, ta gane cewa ɗanta ba ya cin kyauta.

Tun ranar aka sake doka. An cire barkono daga miyar kuka, mai son yaji a zuba masa can ɗaya gefen, Yahya ya yi ƙorafi har ya gaji. Rabon Hashimu a bakin tire ake ajiye shi, an dama shi lugwi-lugwi da garin ƙuli da ɗan mai, wani lokaci da ƙwai. Hannunsa da wasan buta ake wanke shi. Duk wanda ya ce masa ungo, babu shi babu nama. Yahya ne mai gadi, ya kalli sama sai an yi ɗauka sannan ya yi ihun ɓarawo. Tahira ba ta bukatar koyarwa, kukanta na gaske ne. To maƙwabta su riƙa jin ihun ɓarawo safe da rana, ga muryar Hure tana cewa ku bar shi ya ɗauka, ku yi kamar ba ku gani ba, me kuke so su kai kasuwa?

Yanzu kumatun yaron sun kusa rufe masa ido, sikelin asibiti ma sai da ya yi nishi.

Juma'ar da ta wuce na leƙa da rana. Hure ta ce bismillah, na ce alhamdulillahi a ƙoshe nake, na zauna kusa da yara don in ga aikin ɓarawo da idona. Da aka cinye na ce mata ina jiye wa garin nan tsoro, duk danginmu babu mai ɗauke-ɗauke, ko ina yaron ya gado?

Ta dube ni, ta dubi tire.

"Nababa, shekara nawa kana zuwa gidan nan daidai an sauke tukunya, in ce bismillah ka ce ka ƙoshi, in juya baya tiren yara ya rame? Ai a kanka na koyi dabarar. Shi Hashimu yana da uzuri, bai san kunya ba tukuna. Goge miyar da ke gemunka."