Albasar da na kashe da ruwa

Shekarar da na yi aure, ana saura kaɗan Nasara su tafi, wani malamin gona ya zo Madarumfa da farin abu cikin buhu, kamar gishiri. Ya ce taki ne, sunansa angire. Mahaifina ya samu kwano biyu. Da yake na ɗan zauna lakwal, wato makarantar boko, sai ya danƙa mini lambunmu na bakin tabki.

Kwano ɗaya ya ba wani dattijo daga wajen Gabi, wanda ya ara wa fangali shida a gefen namu. Mutumin ba ya salla, addinin kakanni yake bi, amma tun tasowata Baba nake ce masa.

Na barbaɗa nawa, na kama jigo. Ina da ƙarfi a lokacin, ina kuma so a gani. Safe da yamma sai na cika fangali ya tumbatsa, ƙasa ta shanye, in sake cikawa. Dattijon kuwa da ƙwarya yake yayyafawa.

"Kai ango," in ji shi, "albasa kake shayarwa ko raƙumi? Wurin nan rairayi ne. Abin da ya narke, ruwa zai bi ya wuce saiwa."

"Baba, wannan ba kashin shanu ba ne. Aikin masu karatu ne."

"To, malam," ya ce, yana dariya.

Kafin wata ya cika albasarmu ta yi ɗorawa, ganye kamar tsinke. Tasa kuwa shar. Taki ɗaya, ruwa ɗaya, iyaka ce kawai tsakani. Kawuna ne ya fara cewa tsohon ya yi asiri ya janye albarkar lambunmu zuwa nasa. Magana ta kai kasuwa.

Mahaifina ya kira ni gaban 'yan'uwansa.

"Kai kake wuni a wurin. Ka ga wani abu?"

Na gani mana. A gangaren lambu, inda ruwana yake tsattsafowa, ciyawa ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta kai gwiwa. Na san inda takin ya tafi. Amma surukina yana zaune a wurin.

Na ce, "Na dai sha ganinsa yana zagaya fangalinmu."

Ba ƙarya na yi ba. Yakan zo ya tona ƙasa da yatsa, ya girgiza kai, ya ce in rage ruwa.

Mahaifina ya karɓe fangalin da ya ara wa tsohon, bai ko bari albasar ta nuna ba. Tsohon ya tumɓuke ta ƙanana, ya ɗora wa jaki. Da zai wuce ya tsaya kusa da ni.

"Kwana biyu kar ka ba ta ruwa, ka zuba mata kashin awaki. Wata za ta tashi."

Na yi yadda ya ce, rabinta ya tashi. Gabi ba nisa, na sha yin niyyar zuwa. Damina uku bayan haka aka ce ya rasu, ban je ba.