Malam Akwai-Gyara da Kuskurensa na Kan Allo

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi, wanda dubban ɗalibai suka sani da Malam Akwai-Gyara, a shekarar 1950, a wani gari mai kasuwa ɗaya da tashar jirgin ƙasa, cikin ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa. Mahaifin nasa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma mai ɗinkin hannu, shi ne ɗansu na uku kuma namiji na farko. Ya kamata mai rubuta wannan tarihi, tsohon ɗalibinsa, ya bayyana tun da wuri cewa sau uku ya zauna jarrabawar lissafi kafin ya tsallake da ƙyar da jiɓin goshi, saboda haka 'yar marigayin ce ta duba masa dukkan shekarun da ke ciki. In an ga wata ta karkace, laifinsa ne, ba na Malam ba.

A shekarar 1959 ne al'amarin da ya zama tushen rayuwarsa ya auku. Mahaifinsa ya karɓi aikin ƙofa, shi kuma yaron shi ne ya riƙe bakin awo a gidan mai aikin, don haka ya san tsawonta. Da aka dawo shago ya ga mahaifinsa ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi ƙasa da inda ya dace da kusan taƙi guda, amma da yake akwai yaran shago a wurin, kuma ɗa ba ya gyara wa uba a gaban mutane, sai ya sunkuyar da kai har zarto ya gama aikinsa. Ƙofar ta fito gajeriya, irin wadda kaza za ta bi ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Da mahaifin ya fahimci cewa ɗansa ya gani ya yi shiru, bai doke shi ba, sai dai ya ce:

"Ka ga zan yanka ba daidai ba ka ƙyale ni? Ai wannan ba ladabi ba ne, asarar katako ce."

Aka yi wa ƙofar ƙari aka kafa ta a ɗakinsu, ya kasance ta nan yake shiga yake fita har ya bar gida.

Neman ilmi

Ya kammala firamare a 1964, sakandare a 1969, sannan ya wuce kwalejin horon malamai, inda ya karanci lissafi ya fito a 1974. Abokan karatunsa sun shaida cewa ba shi ne mafi hazaƙa a cikinsu ba, amma shi ne wanda ba ya barin layi sai ya san dalilinsa, har littafin teburin logarizim ɗinsa ya tsufa ya yi laushi kamar tsumma alhali nasu na nan da ƙamshin shago.

Fara aiki da kafa ƙa'ida

A watan Oktoba na 1974 aka tura shi wata babbar sakandare, mai dogayen azuzuwa da allon siminti, wadda ƙararrawarta tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a jikin bishiya. Aka ba shi manyan azuzuwa uku na ƙarshe, yana koyar da aljabra, da jometiri, da tirigonometiri, da ƙididdiga. Tun a zangon farko ya lura cewa ɗalibansa masu ladabi ne fiye da kima: duk abin da ya hau allo sai ya sauka a littafi. Wata rana alli ya karye a hannunsa ya bar ɗigo a tsakanin lambobi biyu, da ya zagaya sai ya tarar ajin gaba ɗaya sun kwafe ɗigon, har da waɗanda suka ga alli na karyewa. A nan ya tuna ƙofar mahaifinsa.

Daga farkon 1975 ya kafa ƙa'idar da ya rayu a kanta. A kowane darasi zai saka kuskure ɗaya da gangan a cikin aikin da yake yi a allo, ba tare da fuskarsa ta nuna ba. Duk wanda ya gani zai miƙe ya ce, "Malam, akwai gyara," kalmomin da ya zaɓa da kansa domin ba su kunyata babba, ba su kuma bar yaro da nauyin baki. Sharaɗi na uku shi ne wanda ya ɗora wa kansa: ba za a taɓa buga ƙararrawa kuskure na kan allo ba, in ba wanda ya kama, shi zai nuna, yana mai cewa ajin ya ci bashin kunya.

Yana da nasa zantuttuka da har yau suke bakin tsofaffin ɗalibansa. Alamar daidai gada ce, kuma duk lambar da ta haye gada sai ta sauya riga, mai tarawa ta koma mai ɗebewa. Rabawa da sifiri kuwa tamkar raba abinci ne ga baƙin da ba su zo ba. Tushen murabba'i tagwaye yake haifa, ɗaya mai tarawa ɗaya mai ɗebewa, wanda ya kawo amsa ɗaya ya bar ɗaya a asibiti. Da inuwa da kusurwa ya sa ɗalibai suka auna tsayin tankin ruwan makaranta ba wanda ya hau, da murafen kwalba cikin hularsa kuma ya koya musu lissafin yiwuwa.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan tsari ba. A 1978 wani mai duba makarantu ya rubuta cewa malamin lissafi na yin kuskure a gaban yara, yara kuma na yi masa tsaurin ido. Wani mahaifi ya zo har ofis yana ƙorafi cewa ɗansa ya fara ce masa akwai gyara a gaban baƙi. Shugaban makarantar ya tambaye shi ko akwai gyaran, mutumin ya ce ba wannan ya kawo shi ba.

Aure da iyali

A 1977 ya auri wata ma'aikaciyar jinya da ya haɗu da ita sanadiyyar tarin da ƙurar alli ta sa masa, wadda ya ci gaba da kiranta Sista har ƙarshen rayuwarsa, ita kuma tana kiransa Malam. Ya sha faɗa cewa ita kaɗai ce bai wahala wajen koya mata ƙa'idarsa ba, domin da ita aka haife ta: a makaranta kuskure ɗaya yake yi a darasi, a gida kuwa ana kama masa biyar kafin ya gama karin kumallo. Kowace yamma, bayan ya wanke farin alli daga hannunsa, ita yake gaya wa kuskuren da ya shirya na gobe, ita kuma tana ninke kayan yara tana cewa Allah ya sa a kama shi da wuri.

Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. A 1983 ɗansu na biyu ya rasu yana da shekara uku, sanadiyyar ƙyanda. Malam ya koma aiki bayan kwanakin zaman makoki, ya yi mako guda yana koyarwa ba kuskure ko ɗaya. Kowane layi ya fito daidai, ya ajiye alli ya fita. Ɗaliban wannan shekarar suna cewa ba su taɓa jin tsoron allo irin na wannan mako ba. Ranar da wata alamar ɗebewa ta ɓace daga lissafin kan allo, wani dogon yaro na kujerar baya ya miƙe ya ce akwai gyara, ajin kuma ya sauke ajiyar zuciya, don sun san Malam ya dawo.

Shekarun tsakiya

Sau biyu aka nemi a ba shi mataimakin shugaban makaranta, a 1988 da 1996, sau biyu ya nemi a yi masa afuwa, yana mai cewa kuskuren ofis ba mai miƙewa ya kama shi, sai dai a buga masa hatimi.

A ajin 1991 akwai wata yarinya da ake kira Shiru-Shiru, wadda zango biyu ba a ji muryarta ba. Malam ya lura cewa kullum takan zagaye kuskuren da fensir a littafinta tun kafin kowa ya gani, sannan ta rufe da tafin hannu. Wata rana ya hana kowa magana, ya zo ya tsaya a gefen teburinta ya harɗe hannu, ya ce yau ko shi ba zai gyara ba, kuma ba mai fita. Aka ga mai buga ƙararrawa ya nufi bishiya da sandarsa. Sai da ya ɗaga hannu sannan aka ji wata 'yar murya kamar ta sauro ta ce akwai gyara. Malam ya ce kunnensa ya tsufa, ta maimaita. Ya ce har yanzu bai ji ba, sai da ta faɗa har ajin makwabta suka ji. Wannan yarinya ita ce daga baya ta zama alƙaliya a babbar kotu.

Ajiye aiki

Tun daga 2006 yanar ido ta fara damunsa. A watan Mayu na 2009, ana daf da jarrabawar fita, ya yi darasi, aka kama kuskuren ranar, aka buga ƙararrawa ya tafi gida. Washegari ya shigo ajin ya tarar ba a goge allon ba, da ya matsa kusa sai ya ga wani kuskure na biyu, wanda ba shi ya shirya ba, ya kwana a allo, ya kuma kwana a littafin kowa. Ya bi tebur-tebur ya tabbatar kowane ɗalibi ya gyara, ya ba su haƙuri a tsaye. A ƙarshen zangon ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar, ko da yake an roƙe shi ya zauna a kan kwantiragi. Ya ce kafintan da ba ya ganin layi ya kamata ya rataye zarto.

Shekarun tsufa

Ya kafa ƙaramin allon katako a barandar gidansa, inda yaran unguwa masu shirin jarrabawa ke zuwa kyauta, da sharaɗin 'yarsa malamar lissafi ta zauna a gefe tana sa ido. An yi masa aikin ido a 2012, ya samu sauƙi, amma ƙarfi ya ci gaba da raguwa, hannunsa ya fara rawa, wani lokaci kuma yakan kira jika da sunan uwarta.

A watan Fabrairu na 2023 tsofaffin ɗalibansa suka shirya masa ziyara. Barandar ta cika da likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa, da mai rubuta wannan tarihi, wanda ya zauna can baya bisa tsohuwar al'adarsa. Bayan gaisuwa Malam ya nemi a miƙo masa alli, aka tallafe shi ya tsaya, ya rubuta wani lissafin aljabra mai sauƙi mai ƙarewa da tushen murabba'i, ya warware shi a hankali har ƙasa. A layi na biyu lamba biyar ta haye gada ba ta sauya riga ba. Da yawa sun gani, amma sun ga hannun da ke rawa, sun ga tsohon da aka tallafa, sai tausayi ya rufe musu baki. Kowa ya ce a ransa wannan ba na gangan ba ne, tsufa ne, kuma ba a zo don a kunyata shi ba. Malam ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana jira. Ba wanda ya miƙe, har fuskarsa ta fara sauka, ya nemi inda zai ajiye allin.

Sai alƙaliyar ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce da muryar da ake ji daga ƙarshen kotu:

"Malam, akwai gyara."

Ya tambaye ta ina, ta ce layi na biyu. Ya matsa ya daɗe yana duban wurin, sannan ya goge da gefen hannunsa ya gyara, ya bi layukan ƙasa yana daidaita su har amsa ta fito biyar. Ya juyo yana murmushi ya ce:

"Da na ɗauka duk katakon nan asararsa na yi."

Aka yi dariya, wasu na share ido, aka yi hotuna aka watse. Da yamma 'yarsa ta ɗauko tsumma za ta goge allon, ya ce ta bar shi, ba a buga ƙararrawa ba tukuna.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar wata Talata cikin watan Yuni na 2023, a gidansa, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla a ƙofar gida aka kai shi maƙabartar bayan gari, inda mahaifansa da ɗansa suke, tsofaffin ɗalibai na karɓa-karɓa wajen ɗaukar makara. Ya bar matarsa Sista, da 'ya'ya huɗu: babban ɗa, injiniyan ruwa, mai bi masa, malamar lissafi, na uku, kafinta kamar kakansa, da auta, ma'aikaciyar jinya, da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya gyara masa abin da ya kuskure.

Allon yana nan a baranda ba a goge ba, a ƙarƙashinsa ma aka karɓi gaisuwa. Sista ta shaida wa mai rubuta wannan tarihi cewa tun ana gobe ziyarar Malam ya gaya mata kuskuren da ya shirya, kamar yadda ya saba: zai kawo amsa ɗaya a layin ƙarshe, ya bar ɗan'uwan tagwayen a asibiti. Wannan yana nan har yau, ba wanda ya miƙe a kansa. Na layi na biyu, wanda aka kama, na gaske ne.