Lauya Habu, Wanda Sai Ya Gani Da Idonsa

Duk wanda ya zauna da yayana Lauya Habu na minti biyar ya san tambayar nan tasa. Ka ce masa an yi ruwa a Gummi, sai ya sauko da tabarau kan hanci, ya leƙo ka ta samansa, ya ce, "Da idonka kag gani, ko ji ka yi?" Ka ce gero ya yi tsada a kasuwar Bukkuyum, tambayar ke nan. Mutum ɗaya ce ta taɓa rufe masa baki, Innarmu. Tana gaya wa jikoki cewa ranar Talata aka haife shi, ya buɗe baki zai yi halin nasa, ta nuna shi da ludayi ta ce, "Habu, ka kuskura ka tambaye ni! Ni na haihe ka, ina wurin." Ya gyara hula ya ce, "Kotu ta karɓi wagga shaida."

Ku da kuka san shi ba sai na faɗa muku aikinsa ba. Tun wajen shekarun da aka yanko mana jiha yake zagayen kotunan Anka da Gummi da Bukkuyum yana kare waɗanda ake tuhuma, daga wanda aka ce ya saci kaza har wanda aka ce ya yi kisa. Tsohon babur ɗinsa, baƙar kwat ɗaya tal ko ana zafin bazara, fayiloli a baya an ɗaure su da robar tayar keke. Ka hango shi daga nesa ka rantse hankaka ne ya koyi tuƙi.

Kun tuna shari'ar Mamman Tela a Bukkuyum? Mutumin nan siriri kamar zaren da yake ɗinki da shi, ga ciwon baya. Aka ce ya saci buhun wake a kasuwa. Shaida ya rantse ya gan shi ya ɗaga buhun shi kaɗai, ya saɓa a kafaɗa, ya sheƙa da gudu. Ranar zama sai ga Yaya ya iso kotu da buhun wake cikakke a bayan babur, mutum biyu suka shigar masa da shi suna nishi.

Sajan mai gabatar da ƙara, ƙato ne mai tumbi, ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga kotu ne ko rumfar 'yan hatsi?"

Yaya ya ce, "Haƙuri, Sajan. Ka hi Mamman jiki sau ukku. Ɗaga muna buhun ga, ka ruga da shi bakin ƙohwa kawai."

Alƙali ya ce a gwada. Sajan ya tattare hannun riga, ya sunkuya, ya ja, ya ƙara ja. Buhu ko gezau. A ja na uku sai muka ji ɓarrr! Wando ya rabu gida biyu ta baya. Kai, ranar har alƙali sai da ya ɓoye fuska a bayan takarda. Aka sallami Mamman. Suna fitowa Yaya ya ce masa, "To, ka ga Allah ya kawo maka ciniki. Je ka ɗinke ma Sajan wandonai, kada ka amshi komi." Waken kuma na Yaya ne na gida, wata biyu Hajiya Luba matarsa tana dafa shi safe da rana.

Ni kaina na ɗanɗana. Ina koyarwa a Gummi lokacin, da mata da 'ya'ya uku, muka yi cacar baki da maƙwabcin gonata a kan iyaka, zuciya ta ɗebe ni na kwaɗa masa mari. Ya kai ƙara. Na tafi wajen Yaya hankalina kwance, tunda lauya a gidanmu yake.

Ya ce, "Ka mare shi?"

Na ce, "Yaya, ba wanda yag gani."

"Ba ita nit tambaye ka ba. Ka mare shi?"

"Na mare shi."

"To ba ni tsayawa gaban alƙali in ce ba ka yi ba. Ka amsa laihinka, ni kuma in roƙa maka sassauci."

Na yi fushi, na kai ƙararsa wajen Inna, ta ce ita ma da tana wurin da ta rama wa mutumin. Ranar kotu na amsa laifi kaina a ƙasa. Yaya ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na san shi tun yana rarrahe. Wallahi ba mugu ba ne. Wawa ne kawai." Kotu ta kece da dariya, har wanda na mara. Alƙali ya ja mini kunne, ya sa na nemi gafara a bainar jama'a, aka rufe magana. A waje na ce, "Yaya, ka kashe ni a garin ga!" Ya ce, "Gara su yi maka dariya a kasuwa da su zo gaishe ka gidan yari."

Amma wadda ba zan manta ba ita ce ta ƙauyen Sunke a ƙasar Anka, lokacin da haƙar zinariya ta fara tara baƙi. Wani baƙo, Isuhu, aka ce ya yanke igiya abokin aikinsa ya faɗa rami ya mutu. Tuhumar kisa ce, rai ne a kan layi. Mamacin ɗan gari ne, Isuhu kuwa ba shi da kowa. Da aka ji Yaya ya karɓi shari'ar, mutane suka daina amsa masa gaisuwa a Anka. Har surukinsa ya aiko masa cewa ya fita daga maganar. Yaya ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce mai in Isuhu ya yi, kotu ta hwaɗi. In bai yi ba kuma munka bari anka rataye shi, mu duka munka yanke igiya."

Shaida ɗaya ake da shi, wanda ya ce yana can ƙasan ramin, ya ɗaga kai ya ga Isuhu da wuƙa. Yaya ya ce sai ya tsaya inda mutumin ya tsaya. Dattijo mai shekara sittin, ga tumbi ya fara! Na roƙe shi, masu haƙa suka roƙe shi, ya ƙi. Muka ɗaura masa sabuwar igiya, mu shida muka riƙe, ya zura cikin ramin da kwat ɗinsa da tocila. Bai yi nisa ba sai muka ji murya daga ƙasa.

"Ku ja!"

Muka ja, ya ƙi tahowa.

"A'a, ku saki!"

Muka saki, ya ƙi tafiya. Lauya ya maƙale inda ramin ya tsuke! Sai da aka sayo man gyaɗa kwalba biyu wajen mai ƙosai aka tsiyaya masa ta kafaɗu, sannan ya sulale ƙasa yana salati. Ya daɗe a can ƙasa kafin ya ce mu ja. Da muka jawo shi, ya fito ja wur da ƙasa, yana ƙyalli, yana dariya. Ramin ashe ya karkace a tsakiya, wanda ke ƙasa ba ya ganin bakinsa ko kaɗan. Ga kuma guntun tsohuwar igiyar a hannunsa, wanda ba wanda ya damu ya ɗauko: bakinta a tsattsage, ruɓewa ta yi, wuƙa ba ta taɓa ta ba.

Fiye da shekara aka yi ana zuwa babbar kotu a Gusau, daga ƙarshe aka wanke Isuhu. Kwat ɗin kuwa, Yaya ya ƙi sayen wata. An wanke ta ya fi sau goma, amma da rana ta yi zafi sai ƙamshi ya tashi. Wani alƙali ya taɓa tsayar da zama ya ce, "Wa ke toya ƙosai cikin kotuna?" Yaya ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, hujja ce, an riga an shigar da ita."

Ciwon kwana huɗu Yaya ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza na ga fuskokin da ban sani ba sun fi na dangi yawa. Wani tsoho makiyayi da ya tako da ƙafa daga wajen Zugu ya riƙe hannuna ya ce ɗansa ya yi wata tara a tsare ba a ko kira sunansa a kotu ba, har ranar da wani mutum mai baƙar kwat ya leƙo ya tambaye shi, "Kai kuma mi anka ce ka yi?" Sai hawaye suka zubo wa tsohon.

Ya Allah, bawanka Habu ya ƙare ransa yana tsayawa kusa da wanda kowa ya guda, yana roƙa masa sassauci. Yau ga shi gabanka shi kaɗai, ba mai yi masa magana. Ka sassauta masa, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa. Allah shi jiƙan Yaya. Amin.