Rigar Juma'ar Baba da Injin Ƙanwata

Tun da mahaifiyarmu ta rasu ni ke wanke rigar Juma'ar Baba. Babbar riga ce fara, mai aiki a ƙirji, nauyinta in ta jiƙe sai ka yi nishi kafin ka ɗaga. Ba wanda ya ɗora mini aikin, ni ce babba, kuma ko da na yi aure unguwar maƙera ba nisa da gidanmu. Ranar Laraba in karɓo ta, in jiƙa, in cuɗa wuyan da hannu a hankali don kada zare ya tashi, in sa bula, in goge, in rufa ta kan kasko ta sha turare. Ranar Alhamis in kai masa. Idonsa ya fara rauni a lokacin, don haka da tafin hannu yake dubawa. Ya shafa, ya sunsuna, ya ce Allah ya yi mini albarka. Albarkar nan ta Alhamis ita ce rabona a gidan, don sauran abubuwa duk na ƙanwata ne: ita ce kyakkyawar, ita ce mai bakin da ke sa Baba dariya, ita ce kuma ta auri malamin asibiti mai takalmi sau-ciki.

A ƙarshen zamanin Faransa, da wani kumandan zai bar Dogon Dutsi, matarsa ta bar wa mijin ƙanwata injin wankinta. Ba na lantarki ba ne, ina muka ga lantarki. Ganga ce ta katako a kan ƙafafu, da murfi, da wata ƙafar ƙarfe zagayayya kamar ta keke mai mariƙi a gefe. In ka juya mariƙin, haƙoran ƙarfe su kama juna, wani itace mai yatsu a ciki ya riƙa kaɗa tufafi dama da hagu kamar ana burga miya. Shi ke nan fa abin. Amma da kun ga matan garin nan. Har daga Kiyeshe wasu suka zo kallo ranar kasuwa, ƙanwata tana tsaye tana juyawa da yatsu biyu, tana yi musu bayani kamar ita ta ƙera shi. Ni ma na je, na ce ya yi kyau, na dawo gida tuwo ya ƙi shiga.

Sati bai zagayo ba na je karɓar riga, Baba ya ce an riga an kai gidan auta, yana so ya ga aikin Nasara. Na yi dariya na ce ai gara ya gani. A hanya kuka na yi, ban ɓoye ba. Tun daga nan rigar ba ta sake zuwa hannuna ba, kuma duk Laraba sai in ji hannuwana sun rasa abin yi, in bi yara da faɗa.

Ana cikin bazara, da zafin nan mai sa bango ya yi huci, sai ga ƙanwata da rana tsaka, ta lulluɓe wani ƙunshi a cikin mayafi. Ta shige ɗakina ba ko zama.

"Yaya, mashin ya mutu," ta ce. "Ga rigar Baba. Don Allah ki wanke, amma kar ki hwaɗi ma kowa. Mutane dariya za su yi mani."

Na yi mata jaje da fuska mai kyau. A cikina kuwa kamar an zuba ruwan randa.

Da la'asar aka ɗauko injin a kan amalanke, an rufe shi da tabarma kamar gawa, aka sauke a maƙerar mijina. Mijin ƙanwata ya biyo baya yana sharce gumi. Ya ce mariƙin yana juyawa sakayau, ba nauyi, amma itacen ciki ko motsi. Ya zuba man gyaɗa a haƙoran, bai yi ba. Ya zuba man mota, bai yi ba. Uwarsa ta ce iska ce ta shiga, abin da kafira ta taɓa ai sai an kai garin Lugu a duba, shi kuma ya ce ba zai kai kayan ƙarfe wurin masu bori a ji a asibiti ba.

Mijina ba mai magana ba ne. Ya juya mariƙin yana kallon haƙoran, duk lafiya, ba wanda ya karye. Ya sa hannu cikin gangar ya juya itacen, shi ma lafiya, sai dai kowanne yana tafiyarsa ba ruwansa da ɗan'uwansa. Ya kwance murfin ya kifa, ya ƙwanƙwasa, sai ga guntayen ƙusa sun faɗo. Ita ce ke ɗaure haƙoran da sandar da ke riƙe itacen. Ya tambaya me aka sa a ciki ranar. Ashe bargo ne, da kakin asibiti, da zannuwan gado, duk a tashi ɗaya, ƙanwata kuma da ta ji ya cije sai ta kira mai aikinta suka danne mariƙin su biyu. Ita ke nan, tun tana ƙarama ba ta san a bi abu a hankali ba. Ya kuma nuna musu katakon gangar da ya fara buɗewa, don an bar shi a rana ba ruwa a ciki.

Mijin ƙanwata ya tambaya ko a gyara ne, ko ya sa a yi masa odar sabo ta wani kanti a Yamai. Sabon sai ya hau jirgin ruwa, ya hau na ƙasa, ya jira mota, kuma in damina ta sauka hanya ta yanke, sai kaka ko bayanta. Mijina ya ce zai iya ƙera ƙusar, amma ƙarfenmu ba irin nasu ba ne, yana iya riƙewa shekaru, yana iya karyewa a wankin farko. Malamin ya ce ya bar masa shawara, abin da ya yanke shi ke nan.

Da suka tafi mijina ya zauna yana juya guntayen a tafinsa. Tsoronsa kada ya gyara abin ya sake lalacewa, a ce maƙerin Dogon Dutsi ya ɓata kayan Nasara. Ya tambaye ni abin da na gani, abin da ba ya cika yi. Na ce su sayi sabo. Na kawo hujjoji kamar alƙali: katako ya tsufa, sunansa ne zai ɓaci, masu shi ba su iya riƙo ba. Duk gaskiya ne. Abin da nake lissafawa kuwa shi ne daga bazara zuwa kaka Laraba nawa ce. Ya dube ni ya ce zai kwana a kai zuwa Juma'a.

Rigar nan ban taɓa wanke ta kamar wannan karon ba. Injin ya bar dauɗa a cikin aikin wuyan, don itace ba ya da farce, na bi ta zare-zare na fitar. Ruwan wata rijiya daban na sa aka ɗebo, wanda ba ya da ja. Na goge ta har sai da ta riƙa ƙara in an naɗe. Na ce wa ƙanwata ta huta, ni zan kai. Alkawari na yi ba zan faɗa ba, kuma ban yi niyyar faɗa ba. Ban ga ma amfanin faɗa ba, mutumin da ya yi shekaru yana shafa aikin hannuna ai da taɓawa ɗaya zai gane.

Na sami Baba a zaure kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora masa rigar a cinya. Ya shafa ƙirjin, ya bi wuyan da yatsa, ya ɗaga ya sunsuna. Ya daɗe yana shafawa, ni kuwa ina jira. Can ya yi murmushi.

"Ke aka aiko yau?" ya ce. "To ki ce ma auta Allah shi yi mata albarka. Wanga karo ya hi ko yaushe. Na hwaɗa maki, abin Nasara sai ya saba da hannu. Taɓa ki ji, ɗiyata, ke ma kin san hannu ba ya yin wannan."

Ya kamo hannuna ya ɗora a kan rigar. Yatsuna duk sun tsage da sabulu, ya riƙe su bai ji ba. Na shafa, na ce lalle ta yi kyau. Na ce zan gaya mata.

Da na dawo mijina yana bakin wuta, injin yana jingine a bango da tabarmarsa. Ya ɗago ya ce ya yi tunani, yana ganin maganata ce daidai, gobe zai ce musu su sayi sabo. Na ajiye mayafina na zauna wajen zuga-zugi, na kama hura masa wuta.

"Ƙera masu ƙusar," na ce. "Ka zaɓi ƙarhe mai kyau."