Yaya Rakiya da Wata Shidan Ƙarshe na Kamfaninsu

Shekara biyar ke nan cif da muka yi wa Yaya Rakiya sutura a Lyon. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ce kuma ta farko daga gidanmu na Damagaram da ta zo Faransa karatu. Tana gama makarantar injiniyoyi a Villeurbanne wani ƙaramin kamfani na unguwar ya ɗauke ta aiki. Yau da wuya ka samu mai tuna sunansa. Ginin ma ya zama wurin motsa jiki.

Abin da suke ƙerawa shi ne akwatin nan da ake haɗawa da wayar tele, wato talabijin, ya kawo intanet cikin gida. A lokacin abin mamaki ne. Shekarar da na biyo ta karatu ta kai ni ɗakin gwajinsu, na ga akwatuna jere suna ƙyafta korayen fitilu. Inna kuwa duk bayanin da aka yi mata a tarho ba ta gane aikin ba, sai ta riƙa ce wa maƙwabta Rakiya gyaran tele take yi a Faransa. Yaya ta yi dariya, ta ce in ƙyale ta, ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Kamfanin ya bunƙasa har ya buɗe ofis a Paris. Kowane mako Yaya na kan jirgin ƙasa, kuma ba ta dawowa sai ta biya kasuwar Château Rouge ta sayo mana kuka da busasshiyar kuɓewa. Daga baya wani babban kamfani na ƙetare ya saye shi, aka sauya suna, aka mayar da ƙirar akwatunan wata ƙasa. Ɗakin gwaji kaɗai aka bari, ita ke shugabantarsa, da mutum tara a ƙarƙashinta. Yawancinsu ƴan unguwar talakawa ta Minguettes ne, ba su da babbar takarda sai gwanintar hannu. Ana haka fibar ta fara shigowa, wato zaren gilashin da ya fi tsohuwar waya saurin kai saƙo, kowa ya ga inda aka dosa.

Da aka sanar za a rufe ɗakin nan da wata shida, sai aka yi mata tayin kujera a Paris, da sharaɗin ta koma nan take. Ni na matsa mata ta karɓa.

“Yaya, kina da ƴaƴa biyu,” na ce. “Waɗancan ba ke kika kore su ba.”

Ta ce, “Isufu, ni na ɗauki Karim aiki, ni na ɗauki Madam Odile. Aikin da na koya musu ya kusa ƙarewa. In na tafi yau, me na bar musu a hannu?”

Ta zauna, kujerar aka ba wani. Ta fara koyon aikin fibar ita kanta, ta roƙi shugabanni su bar mata ɗakin da rana, ta aro na'urar haɗa zaren, ta shiga koya musu ɗaya bayan ɗaya. Madam Odile ta haura hamsin, zaren kuma siriri kamar gashi, sai karyewa yake yi. Wata rana ta fashe da kuka ta ce ta tsufa da koyon sabon abu. Yaya ta ja kujera kusa da ita ta ce, “Ni ma jiya sau goma na karya. Ɗauki wani.”

Kafin a rufe ƙofa bakwai daga cikinsu sun samu aiki, har da Madam Odile. Biyun da suka rage sun tsaya mata a rai har ƙarshe. Ita kanta ta yi kusan shekara a gida, kuma a cikin wannan shekarar na faɗa mata maganar da har yau nake jin nauyinta: na ce ta zaɓi bare a kan ƴaƴanta. Daga baya ta samu koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a a Vénissieux, ta yi shekara biyu tana jin daɗin aikin kafin ciwon daji ya kwantar da ita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Inna na ganin fuskokin jikokinta a waya daga tsakar gida a Damagaram, ba tare da ko akwati ɗaya na Yaya ba. Ba na jin hakan zai ɓata mata rai. Na fi zaton za ta nemi sukuddireba ta buɗe sabuwar na'urar ta ga me ke ciki, sannan ta yi faɗa a kan yadda hoton ke yankewa. Babbar ƴarta, wadda na ji tsoron za ta tagayyara, bana ta shiga jami'a.

Watan jiya Karim ya kira ni. Yanzu yana da nasa ɗan kamfanin, da motoci uku masu yawo suna saka wa gidaje fibar. Bayan gaisuwa ya ce hoton Madam Rakiya yake so, zai rataye a wurin aikinsa, don sababbin da yake koya wa suna yawan tambayarsa wa ya koya masa. Na tura masa. Na kuma gaya masa abin da ban samu bakin gaya mata ba tana raye: ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ta huta.